Littattafan Yara Masu Hotuna da Koyar da Ladabi a Ƙasar Bodinga da Shagari

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ke sa littafi mai hotuna ya koyar da yaro sauraro da ladabi, da abin da ke hana shi.

Karatu ba baƙo ba ne a wannan yanki na kudancin Sakkwato. A Sifawa, cikin ƙasar Bodinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Haka kuma Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa, ya kuwa tsara "Waƙar Nijeriya" don almajirai su riƙe labarin ƙasa ta hanyar rerawa. Wato malaman yankin sun daɗe da sanin cewa ta kunne ilmi yake fara shiga yaro.

Saboda haka sharaɗi na farko shi ne a sami babba ya karanta wa yaro littafin a bayyane, yaron yana duban hoto, kamar yadda kaka take yi wa jikoki tatsuniyar Gizo da dare.

Na biyu, hoton ya dace da gidan yaron. A yawancin littattafan Turawa, yaro mai sauraro shi ne mai kallon idon babba. A wurin Bahaushe kuwa wannan tsaurin ido ne. Ɗa mai tarbiyya durƙusawa yake yi, ya sunkuyar da kai, ya karɓi abu da hannun dama. Idan hoto ya yaba abin da uwa take tsawatarwa a kai, yaro zai ruɗe, iyaye kuma su ƙara ɗari-ɗari da boko.

Na uku, labari ya fi umurni tasiri. A "Magana Jari Ce" na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, aku ya tsare Musa ɗan Sarki daga fita ta hanyar ba shi labarai, ba da tsawa ba. Yaron da ya ga ƙarshen mai kunnen ƙashi a hoto ya fi riƙe doka bisa ga wanda aka ce masa "bari" kawai.

A taƙaice, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Aikin da ke gaban ɗaliban Hausa shi ne su rubuta irin waɗannan littattafai, su haɗa kai da masu zane da suka san zaure da rumbu da rijiyar ƙauye.