Dodon Bangon Da Ya Ƙi Tsufa

Dattawan ƙasar Katagum da suka yi wayo a zamanin En'e ba su manta da majigi ba. A wancan zamani motocin Gwamnatin Jihar Arewa kan zaga larduna, har da Lardin Bauchi, su yada zango a manyan garuruwa irin su Azare. Da dare sai a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna wa jama'a yadda ake kyautata noma da tsabtar gida. Can a Kano kuwa tun 1937 aka buɗe gidan silima na Rex. Da yake abin baƙo ne, sai Hausawa suka laƙaba masa suna dodon bango, don ga mutane suna motsi a jikin bango alhali kuwa babu kowa a wurin.

To, akwai wani fim wanda sunan nan ya dace da shi ainun, domin a cikinsa dodanni ne sosai suke faɗa da 'yan Adam. Shi ne The 7th Voyage of Sinbad, watau Tafiyar Sindbad Ta Bakwai, wanda kamfanin Columbia na Amurka ya fitar a 1958. Yau fiye da shekara 60 ke nan, amma ba a daina kallonsa ba, har ma a 2008 babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin finafinan da za a adana saboda 'yan baya. Shin mene ne sirrinsa?

Na farko dai labarin ba baƙo ba ne. Sindbad matuƙin jirgin ruwa yana cikin hikayoyin Alfu Laila, wanda aka daɗe da fassara shi da Hausa da sunan Dare Dubu Da Ɗaya. A fim ɗin, wani matsafi mai suna Sokura ya rasa fitilarsa mai aljani a wani tsibiri, a hannun wani ƙaton dodo mai ido ɗaya. Don ya tilasta wa Sindbad ya mayar da shi can, sai ya yi wa Gimbiya Farisa, wadda Sindbad zai aura, tsafi ta ƙanƙance har tana iya tsayawa a tafin hannu, ya ce ba makari sai da ɓawon ƙwan wani ƙaton tsuntsu mai kai biyu da ke tsibirin. Duk wanda ya taɓa zama gaban kakarsa yana sauraren tatsuniya ya san irin wannan tafiya, ta neman magani a ƙasar dodanni.

Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci, shi ne aikin hannu. Mutum guda ne ya rayar da dodannin nan, Ray Harryhausen, wanda aka haifa a 1920, ya rasu a 2013. Kowane dodo ɗan mutum-mutumi ne wanda bai wuce a ɗora shi a kan tebur ba. A ciki akwai ƙashi na ƙarfe mai gaɓoɓi, wanda mahaifinsa kan ƙera masa, a waje kuma naman roba. Shi fim hotuna ne tsayayyu da ake gudanar da su da sauri, guda 24 a kowace daƙiƙa, watau 1,440 a minti ɗaya. Saboda haka sai ya ɗan lanƙwasa hannun dodo, ya ɗauki hoto guda, ya sake lanƙwasawa, ya sake ɗauka. Haka ya yi ta yi har wata 11 kafin ya gama.

Yadda yake haɗa su da mutane kuwa, sai a fara ɗaukar 'yan wasa a ƙasar Sifen, inda aka yi amfani har da fadar Alhambra wadda sarakunan Musulmi na Andalus suka gina. Daga nan sai ya haska hoton nan a wani ƙaramin allo a bayan dodon, ya rufe sashen gaba da baƙin fenti a jikin gilashi, ya ɗauka. Sa'an nan ya mayar da fim ɗin baya, ya buɗe inda ya rufe, ya rufe inda ya buɗe, ya sake ɗauka. Da an haska, sai ka ga dodo a tsakiyar fili, dutse a gabansa, mutane a bayansa.

Wurin da ya fi shahara shi ne inda Sindbad ya yi faɗan takobi da ƙwarangwal. Kerwin Mathews, wanda ya fito a matsayin Sindbad, sai da ya haddace faɗan tare da wani gwanin takobi, daga baya ya maimaita shi shi kaɗai yana saran iska. Shi kuma Harryhausen ya sa takobin ƙwarangwal ya riƙa sauka daidai inda na mutumin yake. A 1963, a fim ɗin Jason and the Argonauts, ya ƙara da ƙwarangwal bakwai, faɗan 'yan mintoci ya ci masa wata huɗu da rabi. Lalle mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.

Idon mai kallo yana gane wannan wahala ko da bai san yadda aka yi ba. Abin da aka ɗauka abu ne mai jiki, haske ya sauka a kansa, yana da inuwa. 'Yar gargadar nan da ke cikin motsinsa ma ƙara masa kwarjini take yi, domin ba wanda ke sa ran ƙwarangwal ya yi tafiya irin ta mai rai. Ban da haka, dodannin suna da hali. Mai ido ɗayan nan yana fushi, yana rowar dukiyarsa, har in ya faɗi sai ka ji ɗan tausayinsa.

Amma fa fim ɗin bai rasa aibi ba. Bagadazan da aka nuna ta mafarkin Turawa ce, Sindbad ɗin Ba'amurke ne, labarin kuma ya sha bamban da tafiya ta bakwai da ke cikin littafi. Watau an ari hikayar Gabas an yi mata ɗinkin Yamma. Wannan shi ya kawo mu ga tambayar da ta shafe mu: ina namu?

Kada wani ya ce sai mai kuɗin Amurka ne zai iya. Maƙwabcinmu Mustafa Alasan na Jamhuriyar Nijar, wanda aka haifa a 1942, ya rasu a 2015, ya fara ne da wasan inuwa, da fitila da kwali. A 1966 ya yi fim na zane a kan wani shugaban ƙasar kwaɗi, a 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana, ya kuma yi wani a kan kokawa inda dabbobi ke shiga fage. Ya daɗe yana zaune a Tawa, cikin ƙasar Adar, yana aikinsa da ɗan abin da ke hannunsa.

Mu kuwa ga Gizo da Ƙoƙi, ga Gandoki na Bello Kagara da yaƙe-yaƙensa a ƙasar aljannu, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, duk suna jira. Yau kwamfuta na iya zana dodo cikin ƙiftawa da bismilla, amma sau da yawa ana gama kallo ake mantawa da shi, don an yi shi cikin gaggawa. Alhali kayan aikin da Harryhausen ya dogara da su ba su fi ƙarfinmu ba. A Azare akwai maƙeran da za su iya haɗa ƙashin ƙarfe, akwai dukawa da teloli da za su tufatar da shi, wayar hannu kuma na iya ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya. Ya kamata makarantu irin su Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke garin, da masu shirya finafinan Hausa, su duba wannan fanni da idon basira. In ba haka ba, yaranmu za su tashi sun san dodannin kowace ƙasa, ban da na tatsuniyar kakanninsu. Allah Ya ba mu haƙurin yi.