Ɗaki Ɗaya, Kaya Fal: Ina Iskar Za Ta Bi?

Bidiyoyin ƙananan gidajen nan na Amurka sun sake zagayo wayoyinmu, kuma ba abin mamaki ba ne, domin kuɗin haya a Kano da Kaduna da Abuja ya sa kowane magidanci lissafi. Za ka ga gida a kan tirela, gado yana naɗewa ya shige bango, kowane takin matakala aljihu ne na ajiyar kaya, tebur yana zamowa daga ƙarƙashin taga. Sai a yi ta tura wa juna ana cewa ga mafita ta samu.

Kafin mu ruɗu, bari mu auna. Kundin ƙa'idojin ginin gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi, a bugunsa na 2018, ya kira gida ƙarami idan faɗinsa bai wuce murabba'in ƙafa 400 ba. Ɗakin gidan haya da muka saba da shi, sha biyu-sha biyu, murabba'in ƙafa 144 ne. Wato abin da suke kira ƙarami ya kusa ninka namu uku. Harkar ta fara suna ne a wajen 1999, lokacin da Jay Shafer ya kafa kamfanin Tumbleweed, ta kuma bunƙasa bayan rikicin tattalin arziki na 2008 da ya raba mutane da yawa da gidajensu. Galibi mutum ɗaya ko biyu ne a ciki. Namu kuwa miji ne da mata da yara, wani lokaci har da ƙanwar matar da ta zo taya raino. In zaman ƙunci ne, babu wanda zai koya mana.

Abin da ya kamata mu koya shi ne wanda mai ɗaukar bidiyon ba ya tsayawa a kansa: 'yar na'urar da ke manne a sama mai ƙara idan iska ta gurɓace, fankar da ke zuƙe tururin girki zuwa waje, da tagar da ƙa'ida ta ce sai an bari a wurin kwana don mutum ya iya fita idan wuta ta tashi. Su sun san cewa a ƙaramin gida iska ce ke fara ƙarewa kafin fili. Mu kuma fili kaɗai muke lissafawa.

Dubi gardamar da ake yi kan gas. Akwai masu gidajen haya da ke gindaya sharaɗi tun ranar biyan kuɗi: ban da silinda. Akwai iyayen da ke cire ta daga kayan kicin ɗin amarya, suna cewa ba za su kai wa 'yarsu bam ba. A cikin gidan nan da aka hana silinda, da sanyin Disamba ya kankama, za ka ga an hura gawayi a tsakar gida, an jira ya ruru hayaƙi ya ɗauke, sannan an shigar da kaskon ɗakin mai jego an ja ƙofa, an toshe taga da tsumma don kada sanyi ya kama jariri. Babu mai cewa uffan. An bar jaki ana dukan taiki.

Kuskuren yana wajen hayaƙin. Mutane sun ɗauka hayaƙi ne cutar, in ya ɗauke an tsira. Alhali hayaƙin da ke sa ido hawaye ya sa tari shi ne mai gargaɗi, shi ke kora ka waje. Garwashin da ya yi jajir ba hayaƙi yana ci gaba da fitar da wata iska da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Tana samuwa ne duk lokacin da wani abu ke ci da wuta ba tare da isasshiyar iska ba, kuma ɗaki a rufe shi ne ainihin wurin da iska ba ta isa. Ɗakin sha biyu-sha biyu mai tsayin ƙafa goma bai wuce kubik mita 41 na iska ba, kafin ma a cire abin da gado da wadirof suka cinye.

Yadda take kisa shi ne abin da ke da wuyar fahimta, don mutum yana numfashi lafiya lau har ƙarshe. Ɗauki jinin jikinka a matsayin motocin haya da ke tsayawa a tashar huhu su ɗauki fasinja, wato iskar oksijin, su sauke a ƙwaƙwalwa da zuciya su dawo. Kabon monoksaid fasinja ce da ke shiga ta zauna ta ƙi sauka, kuma riƙon da take yi wa kujera ya fi na oksijin ƙarfi fiye da sau 200. Motoci suna ta zirga-zirga, tasha cike da fasinjan gaske, amma kujerun da suka rage sai raguwa suke yi a kowane zagaye. Ƙwaƙwalwa ce ke fara jin yunwa. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, sannan barci mai nauyi. Wanda ke farke yana iya cewa bari in ɗan kwanta. Wanda ke barci ba ya farkawa. Jariri da mai ciki su ke fara jigata, su ne kuma aka hura wutar domin su.

Shi ya sa idan aka wayi gari aka ɓalle ƙofa aka tarar da iyali a kwance, sai a fara neman wanda ya kawo abincin dare. A ce guba ce, a ce sammu ne, a ce iskokai ne. Tukunyar miya ake ɗauka a kai gwaji, kaskon da ya zama toka a lungu kuwa ba mai kallonsa. Akwai alama mai sauƙi da kowa zai iya riƙewa: zazzaɓin cizon sauro ba ya kama mutum biyar a ɗaki ɗaya a sa'a ɗaya. In kowa na ciwon kai tare, in an fita waje kuma ya lafa, to a dubi abin da ke ci da wuta. Wanda aka samu a sume a fitar da shi fili a garzaya asibiti, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, don ba cikinsa abin yake ba. Oksijin yake bukata. A iskar waje jiki na ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin ya rage rabin gubar, da oksijin na asibiti kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna. A kuma gaya wa likita cewa akwai gawayi ko janareta a wurin, domin 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa tana iya nuna komai daidai alhali jinin cike yake da guba.

Wani zai ce kakanninmu sun kwana da wuta a ɗaki shekara da shekaru. Gaskiya ne, amma ɗakin jinka yana numfashi ta rufinsa, ƙofarsa asabari ce ko kyauren da iska ke bi ta gefensa. Ɗakin yau siminti ne da silin da tagar gilashi mai zamewa da ƙofar ƙarfe. Mun sauya gini, ba mu sauya ɗabi'a ba.

Janareta ma haka, har ya fi. Lokacin da arewa ta shafe fiye da mako guda a duhu a watan Oktoban 2024 bayan lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro, duk mai ɗan ƙaramin inji ya fito da shi. Tsoron ɓarayi ke sa a shigar da shi soro ko lungun banɗaki ko kicin a kulle. Hukumar lafiya ta CDC ta Amurka tana ba da shawarar a nisanta shi da ƙofa da taga aƙalla ƙafa 20. A gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, ƙafa 20 daga tagarka tagar maƙwabcinka ce. Mafi ƙaranci dai ya kasance a sararin da ba rufi, salansa na kallon waje, a sa masa sarƙa da kwaɗo in ɓarawo ake tsoro, a kashe shi kafin a kwanta. Ga mai ɗaki ɗaya da bukatarsa ba ta wuce ƙwai biyu da fanka da cajin waya ba, ƙaramin sola da batir ya fi dacewa: ƙwan LED na wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai na wat 60, fanka mai caji kuma ba ta cin rabin abin da fankar sama ke ci.

Ba ina wanke gas ba ne. Yana da nasa haɗarin, sai dai haɗari ne mai sanarwa. An zuba masa wari da gangan don hanci ya kama yoyo. Ya fi iska nauyi, don haka idan ya zuba ƙasa yake kwanciya, daidai inda yara ke shimfiɗa katifa, shi ya sa ƙarƙashin gado ba wurin silinda ba ne. Wurinta kusa da ƙofa ko a waje cikin inuwa, a tsaye, da tiyo mai kyau zuwa kan murhun. Kumfar sabulu ake shafa wa mahaɗa a gwada, ba ashana ba. In an ji wari a rufe kan silinda, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki. Ba a cika ta fiye da kashi 80 cikin 100, komai daɗin bakin mai sayarwa, kuma shekarar da aka ƙera ta tana buge a wuyanta. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta ƙayyade mata shekara 15. Harshen wutar ya zama shuɗi. In ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya, shi ma ya fara fitar da kabon monoksaid. Ƙaramar silindar nan mai kilo 3 ko 6 da ake ɗora tukunya a kanta kai tsaye ta dace da ƙuncin wuri, amma tukunyar tuwon mutum shida a kanta da yaro mai rarrafe a gefe neman magana ne.

Yanzu ga inda kayan ɗaki suka shigo, kuma a nan ne za a ji haushina. Gado shida-shida murabba'in ƙafa 36 ne, rubu'in ɗakin ke nan ya tafi. Wadirof mai ƙafa shida da zurfin biyu, 12. Madubi, kamar 6. Kujera mai zaman mutum uku, wajen 21. An haura rabi, ba a sa firji ba, ba a bar wa ƙofa wurin buɗewa ba, ba a yi maganar inda za a shimfiɗa darduma ba. Kuma da yake bango huɗu ne kawai, ɗaya na ƙofa, ɗaya na gado, kusan kullum wadirof a gaban taga take ƙarewa. 'Yan jere sun gama aiki, an yi guɗa, dangin ango sun yaba, taga ta mutu. Uban amarya ya ci bashi ya sayi abin da zai toshe wa 'yarsa iska, don kada a ce bai yi ƙoƙari ba.

Iyayenmu mata sun fi mu dabara a nan. Ragaya a rataye take, adaka a ƙarƙashin gado, tabarma a naɗe a jingine sai baƙo ya zo, jeren kwalla sama yake tafiya ba gefe ba. Kafintan unguwa zai iya yin duk abin da muke sha'awa a bidiyon in an gaya masa: gado ƙafa huɗu da rabi mai aljihuna a ƙasa, kantoci a bango sama da kai, teburin da ake kafewa da hinji a sauke shi bayan cin abinci, madubi a jikin ƙofar wadirof maimakon nasa na daban. Tum-tum biyu da kafet sun fi saitin kujerun da ba a zama a kansu sai an ɗauke wanki. Abin da ya rage shi ne a aiki wani da tef ya auno ɗakin, da inda taga take, kafin a ba kafinta kafin alƙalami. Yawanci sai ranar jere ake ganin ɗakin.

Firji kuma ba ya sanyaya ɗaki, zafi yake ƙara masa, domin duk zafin da ya zuƙe daga ciki ta bayansa yake fitarwa. In aka matse shi da bango aka lulluɓa masa kyalle don ado, injinsa ba ya hutawa, kuɗin wuta ya hau, ɗaki ya ɗume. Yana son tazarar tafin hannu a baya. Ga wanda ke rukunin Band A na masu biyan kuɗin wuta, da hukumar lantarki ta NERC ta ɗaga masa farashi zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, wannan tazarar kuɗi ce. Sai matsalar soket: ɗakin haya sau da yawa ɗaya gare shi, komai a kan wayar jona wuta guda. Fulogin da muke amfani da shi amp 13 ne, kusan wat 3,000 a wutarmu. Butar lantarki na jan 2,000, hotfilet 1,500, dutsen guga 1,000. Buta da hotfilet kaɗai sun haura iyaka, kuma wayar nan mai araha siririn jan ƙarfenta ba ya kai ma abin da aka rubuta a jikinta. Tana ɗumi ne a ƙarƙashin kafet, kusa da katifar soso. Hitar ruwa da aka bari a bokitin roba aka ɗauke wuta aka manta, kowa ya san yadda labarinta ke ƙarewa idan an dawo da wutar da tsakar dare.

Hukumomin tsara birane suna karɓar kuɗin amincewa da zane, amma duk wanda ya shiga lungunan da ake ta gina ɗakunan haya zai ga taga ɗaya tana kallon bangon maƙwabci da tazarar da kyanwa ma sai ta yi dabara. Jami'an kashe gobara kan fito rediyo da hunturu su ja kunne kan wuta, kuma suna kyautawa, sai dai gargaɗin kan tsaya ne a kan abin da ke ƙonewa, ba a cika ambaton wanda ke kisa ba tare da ko labule ya babbake ba. Na'urar da ke gano kabon monoksaid ba ta fi tafin hannu ba, batir take amfani da shi, kuɗinta bai kai na kujera ɗaya cikin saitin amarya ba. A shagunan kayan lantarki kuwa sai ka yi dogon bayani kafin mai shago ya gane abin da kake nema, galibi ya miƙo maka ta hayaƙi, wadda garwashin da ya riga ya ruru ba zai sa ta yi ƙara ba.