A Bar wa 'Yan Wasa Gurbi a Taswira

A shekarar 1974 ne wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da wasan Dungeons & Dragons. Mutum huɗu ko biyar kan zauna a tebur, kowa ya ari rigar wani jarumi, a riƙa jefa ɗan ludo don a ga ko abin da ya yi niyya ya yiwu. Mutum ɗaya, mai jan wasa, shi ke riƙe da duniyar labarin kacokan. Shi ya san sunan gari da na sarkinsa, da abin da ke ɓoye bayan dutse. Sauran baƙi ne a ƙasarsa.

Daga baya aka samu masu cewa wannan rowa ce. A wasan Apocalypse World na Vincent Baker, wanda ya fito a 2010, an umarci mai jan wasa ya riƙa tambayar 'yan wasa, ya ɗora gini a kan amsarsu. Microscope na Ben Robbins, a 2011, ma ba shi da mai jan wasa, tarihin duniyar ake ƙagawa bi da bi.

Mu wannan ba baƙon abu ba ne. Yara na shata ƙasa da tsinke su ce nan ne kasuwa, wani ya ce to ga rafi nan, kuma rafin ya zauna.

A ɗauka matasa ne suka shimfiɗa tabarma a Bagudo. Mai jan wasa ya ce, "Kun iso bakin kogi, amma babu fito yau." Maimakon ya faɗi dalili, sai ya juya ga wani ɗan garin Lolo, "Abokina, me ke hana masu kwalekwale tashi?" Wanda ya girma yana kallon Kwara tana cika tana janyewa zai ba da amsar da babu littafin da ya tanade ta. Wanda gidansu ke fatauci ta Tsamiya zuwa Segbana a Benin ya san yadda ake canjin naira da sefa, da yadda ciniki kan faro da Hausa ya ƙare da Dendi ko Fulatanci. A bar shi ya gina kasuwar bakin iyakar. Ranar da 'yan fashin labarin suka far mata, shi zai fara miƙewa, don kuwa tasa ce.

Akwai matsala, ba shakka. Mai baki kan cinye zama, mai kunya ya tashi bai aza ko tubali ɗaya ba. Maganin shi ne a bi layi, kuma abin da wani ya kafa ba a rushe shi, sai dai a ƙara masa. Ni dai ina ganin mai jan wasa ya riƙe sirri ɗaya ko biyu a aljihu. 'Yan wasa su raɗa wa wani tsibiri suna, su faɗi masu noman shinkafa a kansa, amma abin da ke kwance a ƙarƙashin ruwan ya bari sai kwalekwalensu ya kai tsakiya.