Wasan Pac-Man: Ya Dace Da 'Ya'yanmu Kuwa?

Iyaye da yawa suna tambaya a kan wani tsohon wasa mai suna Pac-Man da yara ke bugawa a waya. Abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne jin cewa akwai fatalwa a cikinsa.

Kamfanin Namco na ƙasar Japan ne ya fito da wasan a 1980. Wanda ya tsara shi, Toru Iwatani, ya ga yawancin wasannin lokacin na harbe-harbe ne, sai ya yi wanda mata ma za su so. A cikin wasan, wani ƙwallo rawaya mai baki yana bin lungu-lungu yana cinye ɗige-ɗige, wasu 'yan halittu huɗu masu launi daban-daban suna korarsa. Su ne ake ce wa fatalwa, amma zane ne kawai. Ba tsafi, ba kiran ruhohi, ba jini, ba batsa. Ya sha bamban da Mortal Kombat na 1992, wanda zubar da jinin da ke cikinsa yana daga abubuwan da suka sa aka kafa hukumar tantance wasanni bisa shekarun yara a Amurka a 1994.

To, ina matsalar take? Tun asali an yi Pac-Man ne domin injin da ake jefa wa tsabar kuɗi kafin a buga. Da gangan aka sa yana ƙara wuya daga mataki zuwa mataki, domin wanda ya faɗi ya ce bari ya sake gwadawa, ya ƙara jefa kuɗi. A waya, abin da yaro ke jefawa shi ne lokacinsa na karatu, na aika da na barci, har da kuɗin caji. Wasannin da ake saukewa kyauta kuma sukan zo da talla, wani lokaci har ta caca.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin. Mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana.

Ga shawararmu ga iyaye:

1. Ku zauna ku kalli wasan da idonku kafin ku yarda ko ku hana.
2. A gama aikin makaranta da na gida tukuna.
3. Ku yanka lokaci, ku kuma tsaya a kansa.
4. Ku kashe intanet kafin ku miƙa wa yaro waya.
5. Kada waya ta shiga sujada ko makarantar Lahadi, kada kuma ta kwana a hannun yaro.

Yaron da ya isa makaranta zai iya buga Pac-Man ba laifi, muddin babba yana lura. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ubangiji ya ba mu hikimar renon 'ya'yan da ya danƙa mana. Amin.