Boycott: Sunan Mutum da Ya Zama Makamin Talaka

Mai sauraron labarai da Turanci ya sha jin kalmar "boycott" idan jam'iyya ta ƙaurace wa zaɓe, ko jama'a suka daina sayen kayan wani kamfani. Asalinta sunan mutum ne: Kyaftin Charles Boycott, tsohon sojan Ingila da ke karɓar kuɗin hayar gonaki a madadin Lord Erne a gundumar Mayo ta ƙasar Ailan.

A 1880, bayan shekarun da gona ba ta yi albarka ba, manoma suka roƙi a rage musu kashi 25 cikin ɗari na haya. Mai ƙasar, Lord Erne, ya tsaya a kashi 10, Boycott kuma ya tashi korar waɗanda suka kasa biya. A watan Satumbar shekarar ne Charles Parnell, jagoran ƙungiyar kare manoma, ya ba da shawarar a juya baya ga duk wanda ya karɓi gonar da aka kori wani daga cikinta, ba tare da an taɓa lafiyarsa ba. Mutanen Mayo suka fara da Boycott kansa.

Leburorinsa suka watse. Maƙeri ya daina yi wa dawakinsa takalmi, mai wanki ta daina zuwa, masu kantuna a garin Ballinrobe suka ƙi sayar masa da komai, wasiƙa ma ta daina isa gidansa. Gaskiya ba kowa ya yi haka da son ransa ba, wasu barazana suka sha. Duk da haka abin yana burge ni: talakawan da ba su da kotu ba su da bindiga sun durƙusar da wakilin mai ƙasa ta hanyar janye hannunsu.

A Nuwamba masu sa kai 50 suka zo daga arewacin ƙasar don yi masa girbi, sojoji da 'yan sanda kusan 1,000 suna gadinsu. Kuɗin tsaron ya ninka darajar amfanin gonar sau da yawa. Kafin shekara ta ƙare ya bar Ailan, jaridun Landan kuwa sun riga sun mai da sunansa kalma. Faransanci da Jamusanci ma suka are ta.

Ma'anarta ta faɗaɗa daga guje wa mutum ɗaya zuwa ƙaurace wa kaya, zaɓe ko taro. A 1976 Najeriya na cikin ƙasashen Afirka fiye da 20 da suka janye daga gasar Olamfik ta Montreal, saboda an bar New Zealand ta shiga alhali 'yan wasanta na rugby sun je buga wasa a Afirka ta Kudu mai mulkin wariyar launin fata.