Darasin balaga a makarantun Ƙaraye da Rogo: Wa zai koyar?

Kwanakin baya na kai ziyara ƙauyenmu da ke tsakanin Ƙaraye da Rogo, na tarar da 'yar wana, yarinya 'yar shekara 13, ta yi mako uku ba ta leƙa makaranta ba. Da na matsa da tambaya, sai mahaifiyarta ta shaida mini cewa jinin al'ada ne ya zo mata karon farko tana cikin aji, ya ɓata mata tufafi, yara maza suka yi ta sheƙa mata dariya. Malaman makarantar duk maza ne, kuma babu makewayi na mata da za ta shiga ta kintsa. Yarinyar ta ɗauka wani mugun ciwo ne ya kama ta, shi kuwa mahaifinta har ya soma zancen cewa tunda ta girma, gara a nemo mata miji.

Mai karatu, wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami kan batun da da yawanmu muke kauce wa, wato abin da ake kira ilimin jima'i a makarantu. Idan ba a manta ba, a shekarar 1999 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a shigar da shi cikin karatu. Da malaman addini da iyaye suka nuna rashin amincewa, sai aka sake wa manhajar fasali, ta fito a 2003 da sunan ilimin zaman iyali da yaƙi da cutar ƙanjamau, aka kuma bar wa jihohi damar daidaita ta da al'adunsu. A watan Nuwamban 2022, Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci hukumar NERDC ta cire shi daga manhaja, bisa hujjar cewa wannan aiki ne na iyaye da malaman addini.

Ban ga laifin iyayen da suka ji tsoro ba, domin duk wanda ke da 'ya mace ya san abin da yake gudu. Sai dai tambayar ita ce: bayan an ce aikin iyaye ne, iyayen sun yi? A gidajenmu uba ba ya iya furta kalmar haila a gaban 'yarsa, uwa kuwa sau da yawa kunyar 'yar fari kan ɗaure mata baki. Da makaranta ta yi shiru, gida ya yi shiru, sai wayar salula da ƙawaye suka karɓi darasin.

Abin mamaki shi ne wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala ya san cewa hukunce-hukuncen haila da janaba da wankan tsarki suna cikin abin da ake fara koya wa ɗalibi. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambaya kan addininsu ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke shiga ƙauyuka suna karantar da mata.

A nawa ganin, lokaci ya yi da za mu daina jayayya kan suna, mu koma kan wanda zai koyar da yadda zai koyar. Tun daga watan Yulin 2024 masarautar Ƙaraye ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyu ne kacal, Ƙaraye da Rogo, don haka ba abu ne mai wuya ba a tara limamai, malaman Islamiyya, jami'an lafiya da shugabannin makarantu su tsara darasi da Hausa, mai tushe a fiƙihu da kiwon lafiya. Mace ta koyar da 'yan mata, namiji ya koyar da samari, kowa a ajinsa. A faɗa wa yarinya abin da zai faru da jikinta kafin ya faru, da wanda za ta kai wa ƙara idan wani babba ya nemi taɓa ta. A faɗa wa yaro cewa balaga nauyi ce, kuma yi wa 'yar'uwarsa dariya ba mazantaka ba ce.

Gwamnatin Kano, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2024, ita ma da nata kason: ɗaukar malamai mata 'yan yankin, da gina makewayi mai ruwa a kowace makaranta.

'Yar wan nawa dai ta koma aji, bayan kakarta ta zaunar da ita ta yi mata bayani, mahaifinta kuma ya yi alkawarin barin ta ta kammala sakandare. Amma ba kowace yarinya ce ke da irin wannan kaka ba. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.