Sa'ad da Aka Rufe Ƙofar Makaranta

Iyaye na Gusau, da Tsafe, da Bunguɗu ba su manta da shekarar 2021 ba. A watan Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangeɓe. A farkon Satumba kuma aka sace ɗalibai a Maradun, sai gwamnati ta rufe makarantun jihar, aka yanke layukan waya. Yaranmu suka zauna gida wata da watanni, ga shi hutun korona na 2020 bai gama sakinsu ba.

A lokacin nan ne waɗansunmu malamai muka riƙa tara yaran unguwa a ɗakin makarantar Lahadi, safiya uku a mako. Karatu da lissafi muka sa gaba, amma da muka ga gajiya ta kama su, sai muka jarraba wani abu dabam, wato koya musu yadda ake ba kwamfuta umarni. Kwamfutar kuwa ko ɗaya ba mu da ita.

Ga yadda muka yi. Yaro ɗaya ya zama na'ura, ba ya yin kome sai abin da aka faɗa masa. Sauran su rubuta umarni a kan allo domin su kai shi bakin randa: taku uku gaba, juya dama, ci gaba da tafiya. Ran fari suka manta da rubuta "tsaya," na'urarmu ya tafi tiryan-tiryan har ya buga goshi da bango! Aka yi dariya, aka koma allo neman inda kuskure yake. Masu wannan sana'a ma haka suke wuni, neman kuskure. 'Yan mata ne suka riga gane sauran, gama sun saba: a yi ta daka har gari ya yi laushi, in ruwa ya tafasa a yi talge, in bai tafasa ba a ƙara ice. Maimaitawa da sharaɗi ke nan, ginshiƙai biyu na aikin.

Wanda Allah ya hore wa kwamfuta, ko tsohuwa ce, ya nemi Scratch. Jami'ar MIT ta Amurka ce ta fito da shi a 2007 domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16. Kyauta ne, in an sauke shi kuma yana aiki ba intanet.

Kada dai wani ya ce mun ce a cire yaro daga makaranta. Ɗakin Lahadi ba ya ba da takardar WAEC ko NECO. Amma uwa da ke cewa ita ba ta yi boko ba, ta tuna Timoti wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya gāji bangaskiya. A ajinmu ma wata uwa ce, mai tuyar ƙosai, ta fi mu iya tsara umarnin daki-daki, har muka bar mata safiyar Laraba.